Yadda Ake Kare Waya Daga Manhajar Ɓarayi

Galibin mugayen manhajoji ba da ƙarfi suke shiga waya ba, mai wayar ne ke buɗe musu ƙofa da hannunsa. A 2021 wata mai suna FluBot ta addabi ƙasashen Turai. Saƙon tes ne zai shigo cewa an aiko maka da kaya, ka latsa nan ka duba. Da zarar ka latsa ka sauke manhajar, sai ta shimfiɗa shafin bogi a kan na bankinka, ta kwashe lambar sirrinka, ta karanta saƙonnin OTP, sannan ta tura tarkon ga lambobin da ke wayarka. Hukumar sadarwa ta NCC ta gargaɗi 'yan Najeriya a kanta a shekarar, kuma sai a 2022 'yan sandan Turai suka murƙushe ta. Ire-irenta kuwa suna nan birjik.

Da farko, kada ka sauke manhaja sai daga Play Store ko App Store. Wadda aka turo maka ta WhatsApp ko Xender, da irin su GB WhatsApp da matasanmu ke rububi, ba ka san abin da aka cusa a cikinsu ba.

Na biyu, kuma nan ne ake yawan cin mutane, duba izinin da manhaja ke nema. Me ya haɗa manhajar tocila da karanta saƙonninka? Shiga saitin waya, ka buɗe sashen Accessibility. An yi shi ne domin taimaka wa masu lalurar gani da makamantansu, amma manhajar da ta samu wannan izini tana ganin duk abin da ke fuskar wayarka, har ta latsa abu a madadinka. Duk baƙon sunan da ka tarar a wurin, kashe shi ka goge manhajar.

Kunna Play Protect, mai tantance manhajoji a Play Store, ka kuma riƙa sabunta wayar.

In ka fara ganin saƙonnin da ba kai ka tura ba, ko kuɗi ya fita ba da saninka ba, kashe data nan take. Kira bankinka da wata wayar a rufe asusun, ka sauya lambobin sirri ta can. Sannan ka adana hotunanka, ka mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani. Kada ka sake buɗe manhajar banki a cikinta kafin ka yi haka.