Zafin Bazara da Hadarin Farko

Jama'ar Minjibir, bazara ta zo. Hunturu ya wuce, iska ta tsaya cik, ko da dare ba a iya barci cikin ɗaki. A watan Afrilu ma'aunin zafi a ƙasar Kano ya kan kai digiri 40, wani lokaci ya wuce. A shekarar 2024 zafin ya yi tsanani ƙwarai, ga shi kuwa ana azumi. A garin Kayes na ƙasar Mali har ya haura digiri 48. Tsofaffi da jarirai su suka fi shan wuya, don haka mu riƙa ba su ruwa a kai a kai, mu ajiye su a inuwa. Aikin kai taki gona kuwa, a yi shi da sassafe, don jaki ma yana jin rana.

Amma zafin nan shi ke jawo mana damina. In rana ta gasa ƙasa, sai iska mai zafi ta tashi sama. Sa'an nan wata iska mai laima ta taso daga teku, ta kudu maso yamma, ta cike gurbinta. Ita ce ta ke sa mu zufa.

To, in haka ne, don me hadari ya ke taso mana daga gabas? Dalili ke nan: can sama akwai wata iska mai ƙarfi wadda ta ke tafiya daga gabas zuwa yamma, ita ke kora gizagizai. Hadarin da ya wuce mu ya kan bi ta Sakkwato da Mali, har ya faɗa teku ta Senegal. Wani a can ya kan girma ya zama babbar guguwa, ta ƙetare teku ta rushe gidaje a Amurka. Abin mamaki!

Hadarin farko iska ya fi yawa, ruwa kaɗan. Ƙura ce ke fara zuwa, ta kware kwano, ta ɗauke jinkar rumbu. Kafin wannan rana mu ɗaure jinka, mu yaɓe soro, mu share indararo. In ana tsawa kada a fake ƙarƙashin itace.

Babbar magana ita ce ta iri. Ruwan farko mai ruɗi ne. Ya kan sauka cikin Mayu, kowa ya ɗauki sungumi da murna, sai kuma sama ta yi shiru har mako biyu ko uku. Gero ya tsiro, rana ta ƙone shi. Wanda ya zuba irinsa duka, daga Kunya har Wasai ba inda zai samu wani sai da tsada. A ƙasarmu ruwa ba ya zama sosai sai cikin Yuni. Kowace shekara hukumar duba yanayi, watau NiMet, ta kan faɗi lokacin da ta ke zaton damina za ta kama. Mu saurara a rediyo, amma mu tuna zato ne.

Bayan ruwa, mu tona gona da hannu. In laima ba ta wuce tsawon yatsa ba, a dakata. In an matsu a yi shuka, a shuka gero, shi ya fi jure fari. A rage rabin iri cikin rumbu, gyaɗa da wake kuma su jira tukuna.