Shawarwari Bakwai ga Gidan da Ke Neman Sabbin Makaɗan Jita

A gidaje da dama akwai matashin da kunnensa ya ƙoshi da waƙoƙin da kowa ke ji, ya koma farautar ƙananan ƙungiyoyin makaɗan jita na ƙetare, 'yan indi rok da 'yan saikedelik. Yawancinsu ba su da babban kamfani a bayansu, kuma kiɗan nasu cike yake da amsa-kuwwa da jan sauti. Ba a cika jin su a rediyon gari ba, sai an bi sawu. Manhajar waya za ta yi ta kawo muku irin abin da kuka riga kuka ji, don haka mutane masu kunne ya kamata ku bi.

1. Ku kama ƙungiya ɗaya, ku bi danginta. A ce kun ji Tame Impala kun so. Aikin mutum ɗaya ne, Kevin Parker na birnin Perth a Ostareliya, wanda kundinsa Lonerism na 2012 ya buɗe wa salon saikedelik sabuwar kasuwa. Wasu daga cikin masu taya shi kiɗa a dandali suna da tasu ƙungiyar, Pond. Haka abin yake kusan ko'ina. Ku riƙa duba sunayen da aka rubuta ƙanana a ƙasan tallar wasa, domin masu buɗe fage kafin babban mawaƙi ya hau su ne sabbin da kuke nema.

2. Ku san ƙananan kamfanonin faifai. Wannan ce hanyar da na fi amincewa da ita. Ƙaramin kamfani ba ya da kuɗin zubarwa, saboda haka ba ya ɗaukar makaɗi sai ya saurare shi da kyau. Sub Pop na birnin Seattle ne ya fitar da kundin farko na Nirvana a 1989, Domino na Landan kuma ya fitar da na Arctic Monkeys a 2006. Matador na New York ya ɗauki Mdou Moctar, Buzun Nijar mai kaɗa jita da hannun hagu, ya fitar masa da Afrique Victime a 2021. Wannan bawan Allah a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta bulutut, har wani Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds ya tsinci ɗaya ya sa ta a tarin da ya fitar a 2011. Wanda ke neman sabon kiɗan saikedelik a Turai bai san na maƙwabta ba, ya yi tuya ya manta da albasa.

3. Ku kalle su suna kaɗawa kai tsaye. Gidan rediyon KEXP na Seattle yana ɗora wasannin ƙungiyoyi a YouTube kyauta, haka ma shirin Tiny Desk na rediyon NPR da aka fara a 2008. A nan ne ake gane wanda ya iya da wanda na'urar situdiyo ta rufa wa asiri. Kuma ba na Turanci kaɗai ake sawa ba: Altın Gün da ke Amsterdam da Turkanci suke waƙa.

4. Ku yi hattara da ƙungiyoyin bogi. A 2025 wata ƙungiya mai suna The Velvet Sundown ta tara masu sauraro fiye da miliyan ɗaya a wata a Spotify, daga baya ta tabbata cewa ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa waƙoƙin da hotunan mawaƙan. Kafin ku ƙwallafa rai, ku nemi bidiyon wasansu a gaban jama'a.

5. Iyaye su saurara tare da yara. Ba a ɓoye yake ba, salon saikedelik ya taso ne a shekarun 1960 a Amurka da Ingila cikin matasan da ke ta'ammali da ƙwayoyin gusar da hankali, kuma har yau wasu waƙoƙin suna ambaton hakan. Ba duka ba ne, wasu ma kusan kiɗa ne zalla, kamar yawancin na Khruangbin na jihar Texas, waɗanda suka yi kundi da Vieux Farka Touré na Mali a 2022. Spotify na sa harafin E a jikin waƙar da ke da batsa ko ashar, kuma akwai maɓallin rufe irinsu a saituna. Ƙwace waya ba ya hana komai. Zama a tambayi yaro me waƙar ke faɗi ya fi amfani.

6. Ku tausaya wa kunne da data. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce awa 40 a mako yana sauraro a ƙarfin desibel 80, yara kuma 75. Idan na kusa da kai yana jin abin da ke fita daga abin kunnenka, ka rage. Bidiyo kuwa, a sauke shi da garaɓasar datar dare.

7. Wanda kuka so, ku biya shi. Tun 2024 Spotify ba ya biyan ko sisi kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 a shekara ba, kuma sabbin makaɗa ne abin ya fi shafa. A Bandcamp kuwa kai tsaye ake saye daga mai waƙa, kamfanin ya ɗauki kashi 15 cikin 100. Tun watan Maris na 2020 yana ware wasu ranakun Juma'a da yake yafe nasa kason gaba ɗaya. Ana iya sauraro kafin a saya, wasu ma mai saye suke bari ya yanka farashi da kansa. Idan katin bankin gidan yana biyan dala, ku haɗa kuɗi ku jira irin wannan Juma'a ku sayi kundi ɗaya.