DARASIN KANIKANCI: IDAN INJIN MOTA YANA MISIN

Darasinmu na wannan wata na direbobi ne da yaran mota da masu motocin haya, musamman waɗanda ke jigilar hatsi da dabbobi zuwa kasuwannin ƙauye. Amma mai babur da mai injin ban-ruwa kada su wuce wannan shafi, domin fulogin da ke cikin injinsu aikinsa ɗaya da na mota.

Wata rana sai ka murza makulli mota ta tashi, amma tana jijjiga. Sitiyari yana rawa a hannu, salansa tana tari. Ka taka totur ta yi nauyi, ta zo hawa ta gaza, ga shan mai fiye da kullum. Wannan shi ne kanikawa ke kira misin.

Yawancin ƙananan motocinmu silinda huɗu gare su. Kowace silinda tana ƙona mai a lokacinta, ɗaya bayan ɗaya, kamar mata huɗu suna lugude a turmi guda. A yawancin injina jerin shi ne 1, 3, 4, 2. Idan ɗaya daga cikin matan ta saɓa saukar da taɓaryarta, ko daga bayan gida kake za ka ji kiɗan ya lalace. Haka inji yake. Misin yana nufin wata silinda ba ta ƙona man da ya shiga cikinta, ko dai kowane lokaci, ko jefi-jefi.

Abu uku silinda ke bukata: wuta daga fulogi, fetur gauraye da iska daidai gwargwado, da matsi, wato fistin ya danne wannan haɗin ba tare da ya zurare ta wata kafa ba. Duk misin daga rashin ɗayan ukun nan yake. Asarar da masu mota ke yi ita ce sayen kaya kafin a san wanne ne. A canza fulogi huɗu, a kwance kafireta, a sayi kwil, kuɗi sun tafi, mota tana nan da ciwonta.

FARA NEMO SILINDAR DA TA MUTU

Ka ajiye mota a fili inda iska ke kaɗawa. Kada ka tayar da inji a cikin rufaffen shago, hayaƙinsa yana kisa ba tare da mutum ya ankara ba. Ka ja birkin hannu, ka sa giya a firi, ka bar injin yana aiki a silo.

A tsohuwar mota mai kafireta da kwantak, irin su Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, ka ɗauki filaya mai robar hannu ka zare wayar fulogi ta farko, ka saurara. Idan injin ya ƙara jijjiga kamar zai mutu, to wannan silindar tana aiki. Mayar da wayar, ka zare ta biyu. Wadda ka zare kuma sautin injin bai canza ba, ita ce matacciya. Kada ka yi wannan da hannu tsirara ko da jiƙaƙƙen hannu. Batir bolt 12 ne kawai, amma kwil yana ɗaga wutar ta kai dubun-dubata. Ka kuma nisantar da hannun rigarka daga fanka da fanbel.

Motocin da ke da kwil a kan kowane fulogi ba a zare musu babbar waya inji yana aiki, domin ana iya ƙona kayan wutarsu. Ƙaramin soket ɗin da ke jikin kwil ko jikin nozul ake cirewa, kuma sakamakon ɗaya ne.

Da ka gano silindar, kashe injin, ka bari ya huce. Sai ka yi musaya. Ka ɗauke fuloginta ka kai wata silinda mai lafiya, na can ka kawo nan. Idan misin ya bi fulogin zuwa sabon wurinsa, ka kama ɓarawo, kuma fulogi kawai za ka saya. Idan ya tsaya inda yake, yi irin wannan musaya da kwil, ko ka gwada wata waya. Wannan gwaji ko kwabo ba ya ci.

FULOGI YANA BA DA LABARI

Kafin ka goge fulogi, dubi bakinsa da kyau. Idan launinsa ƙasa-ƙasa ne kamar soyayyar gyaɗa, silindar lafiya lau take. Idan ya yi baƙi a bushe kamar gindin tukunya, mai ya fi iska yawa. Duba cok ko ya maƙale, ka kuma duba matatar iska, wadda ƙurar hunturu da hanyar burji ke toshewa cikin 'yan makonni. Idan ya jiƙe yana warin fetur, mai yana zuwa amma wuta ba ta zuwa. Idan ya yi baƙi da maiƙo, baƙin mai ne ke hawowa, ringi ko robar bawul sun gaji. Idan ya yi fari fat, iska ta yi yawa ko injin yana zafi fiye da kima. Wanda ya kamata ya tayar maka da hankali shi ne fulogi ɗaya ya fito tas kamar an wanke shi, sauran suna da launi. Wannan alama ce ruwa yana shiga silindar.

Dubi kuma farin tangaran ɗin jikinsa. In ya tsage, ko yaya tsagar take, wuta za ta bi ta nan ta tsere. Tsakanin bakin fulogi ma yana da awo. A tsofaffin motoci wajen milimita 0.6 zuwa 0.8 ne, a sababbi yakan kai 1.1. Wasu sukan ƙona fulogi a wuta don ya bushe. Wannan zai iya kai ka gari in ka maƙale a daji, amma ba gyara ba ne.

Idan misin ya fi tsanani da damina ko da sanyin asuba, ka zargi wayoyi da murfin distiributa, wato abin da ke raba wa fulogai wuta. Buɗe murfin ka goge raɓa, ka nemi tsaga. Da dare kuma ka buɗe bonet cikin duhu inji yana aiki. Wayar da ta huje za ka ga tana tartsatsi shuɗi-shuɗi. Kwantak idan ya ƙone ko tsakaninsa ya kauce daga wajen milimita 0.4, duka silindojin ne za su riƙa saɓawa. Duk lokacin da za ka cire wayoyi, ka sa musu alama. Waya biyu su sauya wuri, sai mota ta riƙa harbi kamar bindiga.

KAFIN A TAƁA KAFIRETA

A nan ne aka fi zaluntar mota. Kafireta ɗaya ce ke ciyar da silinda huɗu. Saboda haka in silinda guda ce ta mutu, da wuya laifin ya zama nata. Ana zarginta ne idan misin ba shi da silinda takamaimai. Ko a lokacin ma, fara da tambayar kanka: ina na sha mai jiya? Fetur ɗin 'yan bumburutu yakan zo da ruwa, da datti, wani lokaci an surka shi da kananzir. Ko na gidan mai ba ya rasa matsala. A watan Fabrairu na 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol Nijeriya, motoci da yawa suka lalace. Ka ɗebi kaɗan a farar kwalba ka ajiye. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa. Kada ka zuƙi mai da baki, kada kuma a sha taba kusa.

Motar da ke lafiya a silo amma ta shaƙe a kan hawa ko da kaya, mai ne ba ya isarta. Duba matatar mai da famfon mai. Wadda kuma ke jijjiga a silo ta daidaita in an taka totur, ka kasa kunne ko za ka ji tsaki kamar na maciji. Wata robar iska ce ta tsage, inji yana zuƙar iskar da ba a auna ba. A mota mai nozul kuwa kowace silinda da nata nozul, don haka guda ɗaya yana iya toshewa shi kaɗai.

Wasu kanikawa sukan murɗa sukurun silo su ƙara gudun inji, jijjiga ta ragu, su ce an gama. Kada ka yarda. An rufe ciwon ne, kuma man da za ka sha ya ƙaru.

IDAN WUTA DA MAI DUK SUNA ZUWA

Saura matsi, kuma wannan aikin gareji ne. Akwai agogon awo da ake ɗaurawa a ramin fulogi. Ya kamata silindojin huɗu su ba da lamba kusa da juna, bambancin kada ya wuce kamar kashi 10 cikin 100. In ɗaya ta faɗi, a zuba mata cokali guda na baƙin mai a sake aunawa. In lambar ta hau, ringi ne. In ba ta hau ba, bawul ne ko gasket. Silinda biyu maƙwabta su faɗi tare, gasket ɗin tsakaninsu ya ƙone. Sauran alamunsa su ne farin hayaƙi mai yawa, ruwan lagireto yana raguwa ba tare da yoyo ba, baƙin mai ya koma kamar kunu. Kada ka bari a sauke kan inji sai an nuna maka wannan awo da idonka.

Motocin zamani suna da fitila mai hoton inji a gaban direba. In ta kunna ta tsaya, ka nemi gareji cikin 'yan kwanaki. In tana ƙyaftawa, rage gudu ka tsaya. Masu na'urar bincike suna karanta lambar laifin: P0301 silinda ta ɗaya ce, P0302 ta biyu, haka har ta huɗu, P0300 kuwa misin ne da ba shi da wuri guda. Amma na'urar wurin take nunawa, gwajin musaya ne zai faɗi kayan da ya mutu.

Wani zai ce ai tana tafiya da silinda uku, bari a gama kasuwannin kaka tukuna. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin man jikin silinda, ya gangara ya tsinka wanda ke ƙasa, ringi da ƙarafan inji su riƙa cin juna. A sabuwar mota yana kuma ƙona matatar hayaƙi ta cikin salansa, wadda kuɗinta ya ninka na fulogi sau da yawa.

AIKIN AJI: Malami ya sa 'yan aji su samo tsofaffin fulogai daga masu babur da masu injin ban-ruwa. A jera su bisa launin bakinsu. Kowane ɗalibi ya ɗauki guda, ya rubuta a littafinsa abin da ke damun injin da aka cire shi.