Mu San Mota: Fijo 504

Duk wanda ya saba shiga tashar mota ya san Fijo 504. Ainihin sunanta Peugeot. A ƙasar Faransa aka fara ƙera ta cikin 1968. A 1975 aka buɗe ma'aikatar harhaɗa Fijo a Kaduna. Faransa ta daina yin 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da harhaɗa ta fiye da shekara 20 bayan haka.

To, me ya sa ta karɓi hanyoyinmu na karkara?

Cikinta ya yi nisa da ƙasa, saboda haka ba ta cika dukan dutse ko kututture ba. Injinta yana gaba, amma ƙafafun baya ne ke tura ta. Ƙarfen da ke kai ƙarfin inji zuwa baya shi makanikai ke kira farfela. A 504 an sa farfelar cikin wani bututun ƙarfe mai kauri wanda ke kare ta. In an yi mata lodi, nauyin yana danne ƙafafun baya, sai su ƙara kama ƙasa a cikin yashi ko taɓo.

Injin kuma ba shi da wuyar sha'ani. Makanikin ƙauye yana iya kwance kafireto ya wanke a gindin bishiya.

Sai dai a lura, kowace 504 da ke kan hanya yau ta tsufa. Mai son sayen ta don kai amfanin gona kasuwa ya fara leƙa ƙarƙashinta. In tsatsa ta ci ƙarfen, gyaran inji ba zai cece ta ba.