Kowa Baƙo Ne a Wani Gari

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan'uwa ɗalibai da iyayenmu, darasinmu a kan wariya ne, wato a wulaƙanta mutum ko a cutar da shi saboda ƙabilarsa, addininsa ko ƙasar da ya fito. Mu mutanen Zangon Kwatano ya kamata mu fi kowa gudunta, domin zango asalinsa masaukin fatake ne.

Ga abin da ya faru a yankinmu. A Oktoban 1958 aka far wa mutanen Dahome da Togo a Abijan, dubbai suka dawo gida. A ƙarshen 1963, ana cikin rikicin tsibirin Lete, Nijar ta kori 'yan Dahome. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar Ghana, Hausawa da Yarbawa da yawa suka bar zangunan Kumasi da Akara, suka karyar da kayansu a banza. A 1978 Gabon ta kori 'yan Benin. A Janairun 1983 kuma gwamnatin Shagari ta kori baƙi fiye da miliyan ɗaya daga Najeriya, iyakar Seme ta cika maƙil da 'yan Ghana masu neman hanyar gida.

To, kun gani? Wanda ya yi kora jiya, shi aka kora yau. Kuma abin ba da sanda yake farawa ba, da baki ne: "su suka ƙwace mana aiki", "duk ɓarayi ne". In kunne ya saba da wannan, hannu ba ya jin nauyin duka.

Addininmu ya toshe wannan ƙofa. Aya ta 13 ta Suratul Hujurat ta nuna an yi mu ƙabila-ƙabila ne don mu san juna, fifiko kuwa sai da taƙawa. Da Abu Zarrin ya goranta wa wani mutum mahaifiyarsa, Annabi (SAW) ya tsawata masa, ya ce akwai sauran jahiliyya tare da shi.

Saboda haka mu fara daga kan tabarmar karatu. Kada a yi wa wanda Hausarsa ba ta nuna ba dariya. In Bafillace ɗaya ko Bazabarme ɗaya ya yi laifi, laifinsa ne shi kaɗai. A Dantokpa mu gaida 'yan Fon da harshensu, mu mutunta maƙwabcinmu Kirista. Saƙon WhatsApp mai zagin wata ƙabila kuwa, ya mutu a wayarka.

Allah ya haɗa kanmu, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Amin.