Yadda Ake Kula da Gashin Dada Idan Ya Yi Tsawo a Ƙasar Fadama

Kulawar da gashin dada yake so a shekararsa ta farko daban take da wadda yake so idan ya sauko kafaɗa. Gashin mutum yana ƙaruwa da kamar santimita 1 a wata, kuma kowa yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana. Mai taje kai yana ganin nasa a jikin mataji ya yar. Mai dada kuwa, silin da ya rabu da fata a cikin igiyar gashin yake maƙalewa. Shi ya sa bayan shekara uku ko huɗu igiyar ke yin kauri da nauyi, ta riƙa shan ruwa kamar soso. A Kirikasamma da garuruwan fadamar kogin Haɗejiya irin su Baturiya, Marma da Madaci, inda rayuwa ke tafiya tsakanin kwalekwale, gonar shinkafa da bandar kifi, laimar da ke kwana a cikin gashin ita ce babbar abokiyar gaba.

Masu dada ba su da yawa a ƙasarmu, kuma kallon da ake yi musu ba ɓoyayye ba ne. Da an ga kai a cukurkuɗe, zuciya kan tafi ga mai taɓin hankali ko ɗan shaye-shaye, kuma an sha jin labarin 'yan Hisba sun aske matasa a Kano. A Senegal kuwa, 'yan Baye Fall, mabiya Shehu Ibrahima Fall almajirin Shehu Ahmadu Bamba, da irin wannan gashi aka san su. Ni dai ra'ayina, wanda ya zaɓi ya tara shi a nan ya ɗauki nauyin tsafta ninki biyu, domin wari kaɗan ya isa ya gaskata duk zargin da ake yi. Ya kuma san cewa aske gefe a bar tsakiya yana cikin ƙaza'un da hadisi ya hana.

A fara da wanki. Sau ɗaya a mako ya isa lokacin zafi, da hunturu kuwa ana iya kai wa kwana goma. A yi shi da safe, kuma da ruwan burtsatse ko na rijiya. Ruwan kogi yana ɗauke da laka mai laushi wadda ke shiga cikin igiya ta zauna, ga kuma tsargiya da ake ɗauka a ruwan fadama. Idan babu yadda za a yi, a ɗebo tun dare ya kwanta, a tace da ƙyalle, a tafasa. Sabulun salo yana da kyau, amma kada a goga curinsa kai tsaye, domin ɓarɓashinsa na maƙalewa. A jiƙa shi a ruwan ɗumi ya narke, a tace, sannan a zuba a fatar kai a murza da tsokar yatsu, ban da farce. Kumfar da ta gangaro a riƙa matsa ta cikin igiyoyin daga sama zuwa ƙasa. Ɗauraya ta fi wankin cin lokaci: a yi ta zuba ruwa ana matsewa har sai abin da ke fitowa ya zama garau. Karkashi, da iyayenmu mata ke wanke kai da shi kafin kitso, aikinsa warware gashi ne, kuma yauƙinsa yana da wuyar fita daga dada, don haka a bar shi. Garin sabulun wanki da kanwa suna busar da gashi har ya riƙa karyewa. Bayan kowane wata biyu ko uku, a zuba kofin shayi ɗaya na khal a cikin baho na ruwan ɗumi, a tsoma gashin na minti goma, a matse, a ɗauraye. Launin ruwan zai nuna abin da aka daɗe ana yawo da shi.

Busarwa ita ce rabin aikin, kuma a nan mafi yawa ke yin sakaci. Doguwar igiya mai kauri tana bushewa a waje alhali cikinta jiƙe yake, kuma tana iya cin yini guda kafin ta bushe sarai. A kama igiyoyin kaɗan-kaɗan a matse daga tushe zuwa baki, ba tare da murɗawa irin ta wankin tufafi ba. A naɗe kan da tsohon zanin atamfa na ɗan lokaci, domin tawul yana barin zare. Daga nan a sake gashin, a zauna inda iska ke kaɗawa da ɗan hasken rana, ana ɗaga shi ana baza shi. Gwajin mai sauƙi ne: a kama igiya mafi kauri a ƙeya a matse da ƙarfi. In an ji sanyi ko danshi a yatsa, da sauran aiki. Kada a sa hula, ɗankwali ko hijabi a kan danshin, kada kuma a kwanta da shi. A watan Agusta da Satumba, lokacin da kogi ya cika ya malale kuma iska kanta ta yi nauyi, a duba gari kafin a jiƙa kai, in hadari ya haɗu a ɗaga wankin zuwa gobe. Da funfuna ta kama cikin igiya, warinta irin na tufafin da aka manta a jiƙe ne, turare ba ya ɓoye shi, kuma sau da yawa almakashi ne maganinsa. Masunci da mai yankan kacalla su tattara gashin su ɗaure a tsakar ka kafin su shiga ruwa, in ya jiƙe su ɗauraye da ruwa mai tsafta da sun fito.

Wankan janaba ba ya jiran ranar wanki. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani da ake karantawa a zaurukanmu ta bayyana cewa mace ba sai ta tsefe kitsonta ba, sai dai ta matsa shi ruwa ya ratsa, kuma hadisin Ummu Salama a Sahihu Muslim ya zo kan wannan mas'ala. Sharaɗin shi ne ruwa ya kai fata ya kuma shiga gashin. Mai dada sai ya tsoma yatsu tsakanin tushen igiyoyi, ya zuba, ya matsa, sannan ya koma ga busarwa kamar yadda aka faɗa. Duk abin da zai toshe gashi ya hana ruwa shiga, irin su kakin zuma da basilin, ya zama matsala ga lafiya da ibada gaba ɗaya.

Man kaɗanya da man shanu suna da amfani ga kitso, domin kitso ana tsefe shi a wanke. A cikin dada daskarewa suke yi, su kama ƙura, su zama farin datti a tsakiyar igiya. Mai mara nauyi ake so, kuma Jigawa ƙasar riɗi ce: 'yan ɗigo na man riɗi ko man zaitun a yatsa, a shafa a fatar kai, ya wadatar. Da hunturu, idan gashin ya bushe ya yi ƙarau, a fara yayyafa masa ruwa kaɗan da safe kafin man.

Sai tushe, inda nauyin duka yake rataye. Bayan kowane wanki a bi igiyoyin ɗaya bayan ɗaya a raba su, domin sabon toho yana son haɗe maƙwabta. Murɗa sabon tohon kuwa, wanda gashinsa ya yi tsawo ya rage yawansa: sau ɗaya duk sati shida zuwa takwas, da ɗan danshi, kuma ko yaushe ta ɓangare guda. Yawan murɗawa da ɗaurin tamau suna sirantar da tushe har igiya ta tsinke, suna kuma cin gaban goshi irin yadda matsattsen kitso ke yi wa mata, kuma idan abin ya daɗe gashin ba ya dawowa. Ƙananan ƙuraje a bakin goshi, zafi, ko ciwon kai bayan gyara, duk alamu ne na a sassauta. A ɗaure da yankin ƙyalle maimakon roba, a riƙa canja wurin ɗaurin. Igiyar da tushenta ya sirance ana haɗa ta da ta kusa da ita, ko gwani ya saƙa silin da suka fita da kwarashi.

Rufe kai wajen aiki dole ne. Ƙaiƙayin bugun shinkafa, audugar kacalla da iska ke kwasowa, hayaƙin banda da ƙurar hunturu, duk idan suka shige ciki da wuya su fita. Da dare a sa hula mai santsi, kuma a guji bargo mai zubar da gashi.

Amosani kan ragu da wanki a kan lokaci. Makero kuwa, wanda ya fi kama yara, man shafawa kaɗai ba ya kashe shi, sai an sha magani na makonni, don haka a je asibitin gari ko Babban Asibitin Haɗejiya. Ƙwarƙwata tana da wuyar fita daga dada tunda mataji ba ya shiga, kuma in ta yi yawa aski ya fi sauƙi. Wanda ya ji wuyansa na ciwo bayan wanki, ko busarwa ta fara kai shi dare, ya rage tsawon. A yanke da almakashi mai kaifi lokacin da gashin yake bushe, igiya ɗaya-ɗaya, sannan a murza bakin kowace tsakanin tafin hannu na 'yan makonni har ya rufe.