Ƙuduji a Gona, Ƙuduji a Waya: Nazari kan Manhajar da ke Kwaikwayon Shafin Banki

Gabatarwa

Duk manomin dawa ko masara a ƙasar Doguwa da Tudun Wada ya san ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Ciyawa ce mai kyakkyawan fure, amma ranar da furen ya bayyana, ɓarna ta riga ta auku a ƙarƙashin ƙasa. A wannan darasi za mu ɗauki rayuwar wannan ciyawa mu auna wata annoba da ita, watau muguwar manhajar da ke shiga wayar salula, ta nuna wa mai waya shafin banki na jabu, ta kwashe lambobinsa na sirri.

Batun ya shafe mu kai tsaye. Tun lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin naira a ƙarshen 2022, aka shiga ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, jama'a da yawa suka koma ciniki ta waya. Mai shinkafa a Tudun Wada, da dillalin hatsi a Kwanar Dangora, da masunci a bakin madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, duk sun saba da tura kuɗi da karɓarsu. Wayar ta zama rumbu, rumbu kuwa ba ya rasa mai haƙonsa.

Yadda ƙuduji yake rayuwa

Masana ilmin tsirrai suna kiran irin ƙudujin da ke kama dawa da gero da masara Striga hermonthica. Ƙwayar irinsa ƙanana ce ƙwarai, kamar ƙura, kuma tushe ɗaya kan zubar da dubban ƙwayoyi. Ƙwayar tana iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10 ba ta tsiro ba. Abin da take jira shi ne wani sinadari da saiwar hatsi ke fitarwa. Da zarar ta ji shi, sai ta tsiro, ta miƙa wata 'yar saiwa ta huda ta hatsin, ta shiga zuƙe ruwa da abinci. Makonni za su wuce tana wannan aiki a ɓoye kafin ta leƙo sama.

Mai karatu ya riƙe abubuwa uku: shiga gona a ɓoye, da jiran alama, da zuƙa kafin a ankara.

Matakai uku na muguwar manhaja

Mataki na farko shi ne shiga. Manhajar ba ta zuwa da sunanta na gaskiya. Takan zo a matsayin mai share datti daga waya, ko mai ba da rance, ko wani saƙo da ke cewa a latsa nan a karɓi tallafi. Takan kuma bi manhajojin da ake turawa daga waya zuwa waya ba tare da an san asalinsu ba, kamar dai yadda ƙwayar ƙuduji ke bin irin shuka da aka sayo a kasuwa ba a tace ba.

Bayan ta sauka, sai ta roƙi izini. A wayoyin Android akwai wata dama da aka tanada domin taimaka wa masu lalurar gani da makamantansu, wadda ke ba manhaja ikon karanta abin da ke fuskar waya, har ta latsa maɓalli da kanta. Wannan dama ita ce saiwar da ɓarauniyar ke nema. Tana kuma neman izinin karanta saƙonni, da na bayyana a saman sauran manhajoji.

Mataki na biyu shi ne jira. Tana iya yin kwanaki ba ta motsa ba. Alamar da take saurare ita ce buɗe manhajar banki. Cikin ƙiftawar ido sai ta shimfiɗa nata shafin a saman na gaskiya, da launi iri ɗaya da tambari iri ɗaya. Mai waya yana zaton da bankinsa yake magana, alhali kuwa mayafi ne aka lulluɓa masa.

Mataki na uku shi ne zuƙa. Duk abin da aka rubuta a shafin jabu, ɓarawo ake aika wa. Idan banki ya turo lambar tabbatarwa ta saƙon tes, manhajar na iya karanta ta, ta ɓoye saƙon, mai waya bai gani ba. Sau da yawa sai an je biyan kuɗin taki ko na lebura ake tarar da asusu wayam.

Kaɗan daga tarihinta

Wannan dabara ta girmi wayoyin da ke hannunmu. A 2007 aka gano wata manhaja mai suna Zeus, wadda ke kama kwamfuta ta cusa ƙarin gurabe a shafin banki na intanet, tana tambayar abin da bankin bai tambaya ba. A 2011 asirin ƙirarta ya bazu, ɓarayi da dama suka ƙera nasu daga gare ta. Daga baya dabarar ta koma kan waya. FluBot ta yaɗu a ƙasashen Turai ta hanyar saƙon da ke cewa kana da kaya a hanya, kuma takan kwashi lambobin abokan mai waya ta aika musu irin saƙon. Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta gargaɗi jama'a game da ita a 2021, sa'an nan a 2022 'yan sandan ƙasashe 11 suka haɗa kai suka rushe cibiyarta. A wannan shekara ta 2022 kuma masu bincike suka gano Xenomorph a cikin wata manhajar share waya da ta sami shiga har rumbun Google Play, aka sauke ta fiye da sau 50,000. Wannan ya nuna cewa ko rumbun da ake tacewa, wani lokaci ƙwaya takan kuɓuce.

Su kansu masu binciken, dabarar manoma suke bi. An san cewa auduga da waken suya suna sa ƙwayar ƙuduji ta tsiro, amma ba ta iya kama saiwarsu, sai ta mutu. Haka masana ke sanya manhajar da ake zargi a wayar gwaji wadda ba kowa a cikinta, su bar ta ta nuna halinta.

Alamomin da ya kamata a lura da su

Shafin shiga ya fito alhali ba ka buɗe manhajar banki ba. Ko ya nemi lambobin katinka duka, da lambar sirrin katin, da lambar BVN mai alƙaluma 11, abin da manhajar banki ba ta saba tambaya ba a wurin shiga. Ko ka shigar da lambobinka, shafin ya ɓace, a sake tambayarka. Ko wata manhaja ta ƙi gogewa, ko abokai su ce suna samun saƙonni daga lambarka ba kai ka aika ba.

Abin yi idan ta kama waya

Da farko, kada a ƙara rubuta komai. A katse intanet ɗin wayar nan take. Na biyu, a yi amfani da wata waya a kira banki ta lambar da ke bayan kati, a nemi rufe asusu da katin. Ga mutumin Riruwai ko wani ƙauye a Kiru, wanda reshen banki ya yi masa nisa, wannan kira ya fi tafiya sauri. Shi ya sa ya kamata tun yau a rubuta lambar bankin da lambar rufe asusu a takarda, a adana. Na uku, a kwashe hotuna da lambobin mutane kawai, a wanke wayar gaba ɗaya ta koma yadda ta fito daga kamfani, domin yanke ganye ba ya kashe saiwa. Na huɗu, a sauya dukkan lambobin sirri a wayar da aka tabbatar da tsabtarta. Idan kuɗi sun fita, a kai wa banki koke a rubuce, a kuma sanar da 'yan sanda ko hukumar EFCC, domin dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci a kan wannan sata.

Kammalawa

Malaman gona suna koya mana a tuge ƙuduji kafin ya yi fure, a kuma shuka tsabtataccen iri. Haka abin yake a waya: a sauke manhajar banki daga rumbun da aka amince da shi kaɗai, a guji latsa adireshin da ya zo cikin saƙo, kuma duk manhajar da ta nemi izinin da ya wuce aikinta, a hana ta. Fitilar waya ba ta da abin yi da saƙonninka. Ɗalibanmu da ke komawa gida hutu su duba wayoyin iyayensu, su karanta musu izinin da kowace manhaja ta karɓa, domin guminsu na damina guda yana cikin wannan ɗan akwati.